Wa Aka Ba wa Baki? Amanar Mai Ba da Labari a Ƙagaggun Labaran Hausa

 

 An nemi in yi magana kan dabarun bayar da labari. Fagen yana da faɗi ƙwarai, saboda haka zan kama abu ɗaya in riƙe shi da kyau, wato bakin da labari ke fitowa daga gare shi.

Tun kafin marubuci ya raɗa wa taurarinsa suna, akwai hukuncin da ke jiransa: wa zai bari ya faɗi labarin nan? Abin da na zo in kare a yau shi ne, wannan hukunci amana ne. Wanda ka ba wa baki, ka miƙa masa zuciyar mai karatu. Wanda ka hana, ka bar shi ga abin da wasu suka faɗa a kansa.

Gadon da muka tarar

Bahaushe ya tashi da kunne biyu. Na farko a tsakar gida aka hore shi, bayan an ci tuwon dare. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, shi ke nan an ƙulla yarjejeniya. Daga nan kaka ta san komai. Ta san makircin da Gizo ke ƙullawa a ransa, ta san abin da Ƙoƙi ta ɓoye masa, ta san shawarar da kura ta yanke ita kaɗai a dawa, kuma ba yaron da zai ce mata yaya aka yi kika sani. In ta kai ƙarshe ta ce ƙurunƙus, ta ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar, kowa ya tafi ya kwanta.

Kunne na biyu a zauren malam aka hore shi. A can ba a karɓar magana sai an ji wa ya faɗa, daga wa ya ji. Ɗalibin da ya yi nisa har ya kai ga Maƙamar Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, zai tarar ko ƙagaggen labari ma an yi masa mai ruwaya. A maƙamomin nan hamsin, Harisu ɗan Hammamu ne ke ba da labarin yadda yake ta gamuwa da Abu Zaidi a gari bayan gari, kullum cikin sabuwar kama da sabon wayo.

Masu nazari a jami'o'inmu sukan kira waɗannan hanyoyi biyu da bayan fage da cikin fage. Mai labarin bayan fage ba ya cikin abin da ya faru, yana dai faɗar “ya yi, ta yi”. Na cikin fage da shi aka yi, yana cewa “na yi, na gani”. Bambancinsu irin na masu kallon hawan sallah ne. Wanda ya hau soro yana ganin jerin dawaki tun daga farko har ƙarshe, ya san hakimin da ke gaba da wanda ke biye. Wanda ke ƙasa cikin turmutsutsu ba ya ganin haka, amma shi ne ke shaƙar ƙura, shi ke ganin gumin doki da rawar hannun yaron da aka ɗora wa sirdi karon farko. Kowannensu ya ga gaskiya, kuma kowannensu akwai abin da ya kuɓuce masa.

Zauren da aka gina cikin littafi

A 1933 Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Bai samu abin da sauƙi ba, domin malamai da yawa suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai kamaci alƙalamin mai ilimi ba. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar da aka fara bugawa a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da shi East.

Ku lura da abin da uku daga cikinsu suka yi. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne ke zayyana wa Koje Sarkin Labari yawon da ya sha wajen neman ruwan, da yadda suke ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kamar yadda Harisu ke karo da Abu Zaidi. A Ganɗoki, tsohon mayaƙi ne ke ba yara labarin kansa. A Shaihu Umar, malami ne zaune da almajiransa a Rauta, kusa da Bauchi, aka tambaye shi asalinsa. Dukansu uku sun ajiye mutum mai magana da mutane masu sauraro a cikin littafin. Dalilin a fili yake. Zama kai kaɗai da takarda kana karanta hira baƙon abu ne a lokacin, sai marubutan suka gina wa mai karatu zaure a cikin shafi, suka shimfiɗa masa tabarma. Haka kuma sun kuɓutar da kansu daga zargin ƙarya, tunda ga wanda ya faɗa, ga waɗanda suka ji.

Amma dabarar ta yi aikin da ya fi wannan. Ɗauki Ganɗoki. Gasar Turawa ce, Bature ne alƙalinta, kuma shekara talatin kacal ke nan da yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Da Bello Kagara ya yi magana da bakinsa yana yabon waɗanda suka tari Turawa a Kwantagora da Bida, da abin ya yi nauyi. Sai ya ba wa tsoho mai kirari da cika baki magana, mutumin da daga baya zai ce ya yaƙi aljannu tare da ɗansa Garba Gagare. Hukuma tana iya cewa ai surutun tsoho ne. Yaran da iyayensu suka ga wancan zamani kuwa sun ji abin da aka faɗa musu. Bakin Ganɗoki ya zama garkuwar marubucinsa.

Shaihu Umar ya fi buƙatar mu tsaya a kansa. Abin da ke cikin littafin mai ɗaci ne: harin kamun bayi, hassadar fadawa da ta sa aka kori Makau mijin uwarsa, satar yaro ƙarami, ayarin da ke ƙetare hamada, da uwa wadda ta bar gida neman ɗanta har ita ma aka mai da ta baiwa, ta ƙare a Tarabulus, inda suka gana gab da rasuwarta. Tafawa Ɓalewa yana iya ba wa uwar baki, da mun sami littafin kuka. Yana iya ba wa yaron baki yana cikin firgici. Sai ya zaɓi dattijo wanda ya riga ya ga ƙarshen al'amarin, ya yi karatu, ya natsu, yana faɗar mafi munin abu da murya ɗaya da wadda yake biya wa almajirai karatu. Ba ya zagi, ba ya tsinuwa. Wannan natsuwa ita ke sa abin ya soki mai karatu, domin hawayen da Shaihu bai zubar ba, kai aka bar wa ka zubar.

Zaɓin kuma yana da farashinsa, dole mu faɗa. Mutumin da ya sallama komai ga ƙaddara ba zai tsaya ya tuhumi cinikin bayin da ya raba shi da uwarsa ba, balle da yake Balaraben da ya tafi da shi, Abdulkarim, ya riƙe shi riƙon ɗa. Fushin uwar da zafin zuciyarta, ta bakin ɗanta kawai muke jin su, bayan sun huce. Kowane baki yana buɗe wata ƙofa ya rufe wata, kuma marubucin kirki ya san wadda ya rufe.

Mai labarin da ke da buƙata

A Magana Jari Ce, wanda aka buga juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, Abubakar Imam ya koya mana darasi na gaba: mai ba da labari ya kasance yana da dalilin bayarwa. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla yadda za a fitar da yaron a hallaka shi. Akun da ke fadar ba shi da takobi, ba shi da dakaru, bakinsa kaɗai ya mallaka. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya jawo labari ya riƙe shi har gari ya waye. Saboda haka kowane labari yana da rai biyu. Muna jin daɗinsa don kansa, muna kuma fargabar kada ya ƙare da wuri Musa ya fice.

Imam ya ɗebo daga rijiyoyi da yawa, har da Dare Dubu da Ɗaya inda Shaharzad ke sayen ranta da labari kowane dare, da tsofaffin hikayoyin aku na ƙasar Indiya, da tatsuniyoyin Turai. Abin da ya mai da su namu shi ne bakin da ya zuba su a ciki, aku mai ladabin fada, mai karin magana, mai sanin lokacin da ake zuga yarima da lokacin da ake lallashinsa. A juzu'i na biyu ya shiga gasar labari da wani aku, a na uku ya zauna yana horon ɗansa Fasih. Ko'ina ka duba, akwai abin da mai labarin zai samu ko ya rasa.

Da labari ya shiga cikin gida

Jiki Magayi ya bi hanyar bayan fage, ya bar mu mu ga zuciyar Abubakar da aka ƙwace wa Zainab, mu ga ta Malam Shehu mai dukiya, mu ga yadda ramuwa ta cinye kowa. To amma ko mai labarin da ya san komai sai ya zaɓi inda zai fi tsayawa. Shekaru da dama labaranmu a fada suke tsaye, ko a zaure, ko a kan hanyar fatauci. Da aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, bayan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, sai ga budurwa Bafulatana a tsakiyar labari, abin da take so shi ke juya al'amura.

Balaraba Ramat Yakubu ta ƙara matsawa ciki. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, labarin mutum ne da ya ƙaro aure ya wulaƙanta uwargidansa. An sha jin irinsa a majalisar maza, inda akan taƙaita shi da cewa mata ba sa son kishiya. Balaraba ta ajiye mu kusa da Rabi, uwar 'ya'ya tara, muna ganin kuɗin cefanen da Alhaji Abdu ke bayarwa ba sa kai wa ko'ina alhali yana ɓarin dukiya a kan Delu, muna ganin ranar da aka kore ta, da yadda ta kama sayar da abinci don ta riƙe yaranta. Ba a canza ko ɗaya daga abubuwan da suka faru ba. Wurin tsayuwa aka canza, sai hukuncin mai karatu ya canza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa ta shigar da mu ɗakin ana tsakiyar ruwa.

Maƙwabtanmu ma sun san wannan. Mariama Ba ta Senegal ta rubuta littafinta na 1979 a matsayin doguwar wasiƙa daga Ramatulaye, mace mai takaba, zuwa ga aminiyarta A'isatu, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa ba sai ga aminiya. Chinua Achebe kuma, a Things Fall Apart na 1958, ya zaunar da mu tare da Okonkwo da mutanen Umuofia tun daga shafin farko, sannan a shafin ƙarshe ya miƙa ido ga jami'in mulkin mallaka, wanda ke lissafin cewa rayuwar mutumin nan za ta iya cika sakin layi guda a littafin da yake shirin rubutawa. Da wannan juyi ɗaya Achebe ya nuna abin da ke samun al'ummar da wani ke ba da labarinta.

Mu gwada da hannunmu

Bari in ƙaga ƙaramin misali. Malam Sule ya sayar da gonar gado don a yi wa matarsa aiki a asibiti. Ga shi daga bayan fage:

“Ranar Laraba Malam Sule ya sayar da gonar. Dillali ya san a matse yake, ya karya farashi. 'Yan'uwansa suka ji haushi, amma ba wanda ya kawo taimako.”

Mun sami bayani cikakke, har da abin da ke ran dillali. Ga shi kuma daga bakin Malam Sule:

“Da na dangwala yatsa a takardar, ban dubi gabas ba, don ta can kukar da mahaifina ke hutawa a gindinta take. Na ce wa kaina ƙasa ce, Allah zai ba da wata. Har yanzu ina faɗa wa kaina haka.”

Yanzu mun rasa dillali, amma mun sami mutum yana rarrashin kansa da maganar da bai gama yarda da ita ba. Ga na uku, daga bakin 'yarsa mai shekara tara:

“Baba ya dawo da leda baƙa, ya shiga ɗaki ya sakaya ƙofa. Na leƙa na ga yana ƙirga kuɗi masu yawa, ya gama ya sake ƙirgawa. Na yi murna na ce mun yi arziki. Da na kai masa tuwo ya ce in mayar ya ƙoshi. Da safe na ɗauko masa fartanya kamar kullum, sai ya ce in ba Isa maƙwabcinmu, ya daɗe yana son ta.”

Yarinyar ba ta san abin da ya faru ba, ku kun sani. A wannan tazara da ke tsakanin saninta da naku tausayi yake tsirowa, ba tare da marubuci ya ce ku tausaya ba. Ba wanda ya fi wani a cikin ukun nan sai gwargwadon abin da kake nufi. In zaluncin kasuwa kake son nunawa, na farko. In ciwon rabuwa da gado, na biyu. In yadda talauci ke shiga gida yara ba su ankara ba, na uku.

Sauran dabarun duk daga nan suke rassa. Wanda ke magana shi ke nuna inda labari zai fara: dattijo irin Shaihu Umar yana da ikon waiwaye, yarinya mai shekara tara ba ta da dogon jiya da za ta koma. Shi ke iyakance jan rai, domin ɓoye abin da mai labari bai sani ba halal ne, amma ɓoye abin da ke gabansa don kawai a ja littafi zuwa kashi na biyu cin amanar mai karatu ne. Shi ke saita harshe. Basakkwace ba ya magana kamar Bakano, tsohuwar ƙauye ba ta ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ɗan kasuwar Kwari yana da kalmominsa. In taurarinka duka suna magana da Hausarka, mutum ɗaya ka rubuta ka raba masa sunaye.

Inda muke tuntuɓe

Ina karanta littattafan matasanmu, na takarda da waɗanda ake turawa ta waya, kuma ina alfahari da yawansu da ƙwazon masu su. Saboda wannan ƙauna zan ambaci abu uku. Na ɗaya, a fara da “ni”, can sai ga “ni” ɗin tana faɗa mana abin da ake ƙullawa a wani gida, a wani gari, cikin zuciyar wani, ba a nuna ta inda ta ji ba. Tafawa Ɓalewa kuwa ya haɗa Umar da uwarsa kafin ta rasu, ya bar ƙofar da labarinta zai iso gare shi. Na biyu, marubuci ya kutso tsakiyar fage ya ce shi ma da ya ga kyan yarinyar sai da alƙalaminsa ya faɗi. Wannan jinin tatsuniya ne, yana da daɗinsa a labarin raha, amma a tsakiyar makoki yana kashe abin da aka gina. Na uku, tsayar da labari a yi wa'azi shafi biyu. In labarinka ya nuna sakamakon zalunci, mai karatu ya riga ya ɗauki darasi, gani ya kori ji. Ku tuna kuma da yawa daga littattafanmu ta rediyo ake sauraronsu. Mai sauraro ba shi da damar komawa shafin baya, in baki ya rikice ya ɓace ke nan.

Kammalawa

'Yan'uwana marubuta, kafin ku rubuta layin farko ku amsa tambaya huɗu a takarda daban. Wa ke magana? Wa yake faɗa wa? Me ya sani, ta yaya ya sani? Me zai samu ko ya rasa in ya faɗa? Sannan ku rubuta shafin farko da baki biyu ko uku, ku karanta da ƙarfi, ku zaɓi wanda ya fi nauyin gaskiya.

Ku kuma duba waɗanda har yanzu ake magana a kansu ba a bar su sun yi da kansu ba. Almajiri ya cika littattafanmu yana bara a bakin ƙofa, amma sau nawa muka ji yadda gidajenmu suke a idonsa? Haka 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, da makiyayin da aka kore wa shanu, da manomin da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, da matar da ke renon marayu a sansanin gudun hijira. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan labaran da ke hannun mata suna jiran a buɗe musu hanya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma marubucin da zai ari bakin wani wajibi ne ya je ya zauna da shi, ya saurare shi, har ya iya faɗar abin da shi mai bakin zai ji ya ce haka ne. Ku malamai kuma, ina roƙon a riƙa ba ɗalibai aikin sake rubuta babi guda daga bakin wani tauraro daban, domin hannu ya koyi abin da kunne ya ji a aji.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya, Ya sa albarka a alƙalumanku, Ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda muke ba da labarinsu.